Dattijon da ya koma sahun baya

Shekara talatin Baffana yana sallar Juma'a a sahun gaba. Tun ina yaro a Garwa, a arewacin Kamaru, idan na leƙa masallaci na san inda zan hango farar hularsa, dab da liman ta hannun dama. Bara waccan sai na lura ya koma can baya kusa da ƙofa, wajen da takalma suke. Na ɗauka tawali'un tsufa ne. Da aka tashi ɗaurin auren jikarsa a Marwa ya ce ƙafarsa ke ciwo, ba zai iya zaman mota ba. Daga nan ya daina karɓar ruwa idan an miƙa masa, a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40. Duk wannan babu wanda ya haɗa ɗaya da ɗaya a cikinmu, har ranar da Goggo ta ja ni gefe ta ce, "Baffanku fa ba ya barci. Sau biyar, sau shida yake ɗaukar buta kafin asuba, wani lokacin ma ba ya kaiwa."

Wannan "ba ya kaiwa" ɗin shi ne dalilin rubutun nan. Akwai sababbin magunguna na wannan larura ta kasa riƙe fitsari, sun kuma fi dacewa da mu mutanen ƙasar zafi fiye da waɗanda aka ƙirƙiro su dominsu. Amma ina tsoron hanyar da za su bi su iso mana. Idan suka shigo ta teburin mai tallan ƙwayoyi a kasuwa kafin su shigo ta ɗakin likita, tsugune ba ta ƙare ba.

Mafitsara aiki biyu gare ta: ta tara fitsari ta riƙe, sannan ta sake shi idan mai ita ya ga dama. Ta lafiyayyen mutum tana ɗaukar wajen mililita 400 zuwa 500, kusan ƙaramar gorar ruwa. Matsalar fitsarin maza ma gida biyu ce. Akwai ta fitarwa, inda mutum zai tsuguna ya yi ta jira, fitsarin ya zo siriri, yana yankewa, ya tashi yana jin da saura. Akwai kuma ta riƙewa, inda fitsari ke taso wa mutum gaba ɗaya ba sallama, ya zaga fiye da sau 8 a yini, ya yi ta tashi cikin dare, wani lokacin ya zubo kafin ya kwance mazagi. Ta biyun ce ke mayar da dattijo sahun baya. Siririn fitsari ba ya kunyata kowa, tsakanin mutum ne da bangon bayan gida. Jiƙa wando a gaban suruki kuwa wani abu ne daban.

Shekaru da yawa, duk namijin da ya haura hamsin ya kawo kukan fitsari, kai tsaye ake ɗora laifin a kan furostat, tsokar nan mai girman ɗan goro da ta zagaye hanyar fitsari a ƙasan mafitsara. Ba a yi ƙarya ba, domin kusan rabin maza masu shekara sittin tasu ta ƙara girma, a cikin masu tamanin kuwa mafi yawansu. Sai a ba mutum tamsulosin ko alfuzosin su sassauta hanyar, ko finasteride ya rage girman tsokar a hankali cikin wata shida ko fiye. Fitsari ya dawo da ƙarfinsa, likita ya ce an samu sauƙi, amma dattijo na nan yana gudu da buta. Dalili shi ne a wajen mutane da yawa ita kanta mafitsarar ce ta zama mai gaggawa, naman jikinta yana matsewa tun ba ta cika ba. An gyara ƙofa ne alhali rufin ɗaki ke yoyo, kuma mai ɗakin ne kawai ya sani.

Maganin da aka daɗe da shi na kwantar da mafitsara shi ne dangin oxybutynin, da ƙannensa tolterodine da solifenacin. Suna toshe saƙon da jijiya ke aika wa mafitsara cewa ta matse. Suna aiki, ba a musu. Illar ita ce irin wannan saƙon ne ke sa yawu ya zubo a baki, hanji ya motsa, zufa ta fito, har ƙwaƙwalwa ma tana amfani da shi. Saboda haka mai shan su yakan yi fama da bushewar baki da taurin bayan gida, ido ya yi hazo, tsoho kuma ya iya rikicewa. Ba a ba mai wani nau'in hawan jinin ido. A takardar da ke cikin kwalin oxybutynin an rubuta gargaɗi cewa yana rage zufa, yana iya jawo bugun zafi. Wanda ke zaune a Faransa zai karanta wannan layin ya wuce. Mu fa? Mutumin da ke zaune a rumfar kwano a babbar kasuwar Garwa da ƙarfe biyu na rana, ko mai kiwo a bakin Logon, ko ɗan acaba a Kusuri, zufa ita ce fankarsa. Ka hana shi zufa, ka busar masa da baki, a shekarun nan da azumi ke faɗowa cikin watan Maris, ai ba ka yi masa gata ba.

Abin da ya faru da Baffa ke nan. Bai gaya wa ɗansa ba, bai gaya mini ba. Wanzaminsa ya gaya wa, domin shi ne tsaransa. Wanzamin ya ce akwai wani makwabcinsa da likita ya rubuta wa ƙwaya ta yi masa aiki, aka karɓo tsohon kwalin aka je da shi wani shagon magani, aka sayo irinsa ba tare da an tambayi takardar likita ba. Kwana uku na farko Baffa ya yi barci, ya sa wa wanzami albarka. Sati na biyu leɓensa ya tsattsage, ya yi kwana huɗu bai zaga ba. Wata la'asar ya kira ni da sunan mahaifina wanda ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya tambaye ni ko shanu sun dawo. A daren nan fitsari ya ɗauke gaba ɗaya. Mararsa ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwarya, yana nishi yana dafe bango. Muka ɗora shi a babur tsakanina da ɗansa zuwa asibiti, aka sa masa roba. Na tsaya ina kallon jakar tana cika, aka juye ta sake tarawa. Baffa ya juya fuskarsa ga bango ya ce mini, "Ɗana, fita." Na fita.

Likitan da ya duba shi washegari bai yi faɗa ba. Ya ɗora masa na'urar hoton ciki, ya nuna mana furostat ɗin ta toshe hanya, mafitsara dama ba ta gama juyewa. Aka zo aka ba ta maganin da ke ƙara kashe mata ƙarfi. Wanda aka rubuta wa ƙwayar tun farko hanyarsa a buɗe take, shi ya sa ta karɓe shi. Ciwon kamanni ɗaya a baki, a ciki kuwa hannun riga.

To, sababbin fa? A 2011 aka fara amfani da mirabegron a Japan, Amurka ta amince da shi a 2012, a Turai ana sayar da shi da sunan Betmiga. Hanyarsa daban ce. Maimakon ya toshe saƙon matsewa, sai ya taɓa wata kafa a jikin mafitsara, wadda masana ke kira beta-3, ya sa ta saki jiki ta ɗauki fitsari da yawa kafin ta yi ƙorafi. Tunda bai shiga harkar yawu da zufa da ƙwaƙwalwa ba, bushewar baki ba ta cika biyo shi ba, kuma bai cika raunana ƙarfin fitarwa ba, abin da ya fi muhimmanci ga namiji mai furostat. Ƙwaya ɗaya ce a rana, yawanci miligiram 50. Bayansa vibegron ya zo, Japan a 2018, Amurka a ƙarshen 2020. A Disambar 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a ba shi takamaimai ga mazan da suke shan maganin furostat amma gaggawar fitsari ba ta bar su ba, bayan an gwada shi a kan maza sama da 1,000. Wato irin su Baffa sak. Akwai kuma tadalafil miligiram 5 kullum, wanda tun 2011 aka yarda da shi a Amurka don matsalar fitsarin furostat. Shi wannan 'yan kasuwarmu sun riga sun san shi da wata fuskar, ta maganin ƙarfin maza, kuma duk mai shan maganin ciwon ƙirji na dangin naitiret idan ya haɗa su jininsa na iya faɗuwa warwas. Ga masu yawan fitsarin dare akwai desmopressin, amma yana iya zubar da gishirin jini a jikin tsoho, sai da awon jini a kai a kai. Can ƙarshe akwai allurar Botox a cikin mafitsara, wadda ba zan ɓata lokaci a kanta ba, don ko a manyan biranenmu ba kowa ke ganinta ba.

Kada a ce na zo talla. A gwaje-gwajen da aka yi wa maza, bambancin da ke tsakanin mai shan sabon maganin da wanda aka ba ƙwayar da babu komai a cikinta bai kai zuwa bayan gida sau ɗaya a rana ba, idan aka ɗauki matsakaici. Wasu suna samun sauƙi sosai, wasu ba sa jin komai. Sai an yi sati huɗu zuwa takwas kafin a yanke hukunci. Ba ya warkarwa, ranar da aka daina ciwon yakan dawo. Mirabegron kuma yana iya ɗaga hawan jini, har an hana ba wanda jininsa ya kai 18 bisa 11, wato 180 bisa 110, ba a shawo kansa ba. Ranar da likita ya fara yi mana maganarsa, bayan an cire robar Baffa ya yi wata biyu a kan tamsulosin, sai da ya ɗaura masa awo a dantse. Aka samu 17 bisa 10. Baffa bai taɓa sanin yana da hawan jini ba. Likita ya mayar da biro aljihu ya ce a fara da wannan tukuna. Nawa ne a cikin dattawan majalisarku aka taɓa auna jininsu? Mai tebur a kasuwa ba shi da abin awo, ba kuma zai tambaya ba.

Sannan akwai abin da ƙasidun Turai ba za su sa a shafin farko ba, mu kuwa dole mu sa. Muna zaune tsakanin Binuwai da Logon. Tun da aka kammala madatsar Lagdo a 1982, ga kuma tafkin Maga da gonakin shinkafa na kewayen Yagwa, tsargiya ta samu gidan zama. Ƙwan tsutsarta a bangon mafitsara yake maƙalewa, yana sa ta kumburi, da daɗewa ta yi tauri ta ƙanƙance, ta kasa riƙe fitsari, wani lokacin ta kai ga ciwon daji. Da yawa cikinmu mun yi fitsarin jini muna yara, aka ce alamar girma ce. Yara 'yan makaranta ana raba musu praziquantel, amma masunci ɗan shekara hamsin da ya kwana cikin ruwa wa ke tuna shi? Ka ba wannan mutumin mirabegron wata shida, tsutsa na nan tana aikinta. Haka mai ciwon sukari da bai sani ba, wanda fitsarinsa ke da yawa don jikinsa na zubar da sukari. Haka wanda ciwon sanyin samartaka ya bar wa tabo a hanyar fitsari, da mai tsakuwa a mafitsara, da mai ciwon zuciya wanda ƙafarsa ke kumbura da rana, da ya kwanta ruwan ya koma jini ya fito a fitsari. Haka saurayin da ke haɗiyar tiramol, don shi ma yana iya riƙe fitsari. Duk waɗannan da baki ɗaya za su ce maka "fitsari ke damuna", kuma kowanne maganinsa daban. Wanda ya ga jini a fitsarinsa kuwa, babu zancen sayen ƙwaya, asibiti kai tsaye.

Abin da ke raba su ba wani abin a zo a gani ba ne. Awon fitsari, awon sukari a ɗan yatsa, awon hawan jini, da hoton mara bayan mutum ya yi fitsari don a ga abin da ya rage. Sai likita ya taɓa furostat da yatsa, wanda shi ne dattawanmu suka fi gudu, a ƙara da awon jini idan ana zargin daji. Har da wani abu da ko sisi ba a kashewa: mutum ya yanke gorar roba ya yi mata alama, ya kwana uku yana rubuta lokacin da ya yi fitsari da yawansa da abin da ya sha. Da muka yi wa Baffa wannan, jikansa ɗan aji shida ne magatakarda. Takardar ta nuna shayi kofi huɗu tsakanin magariba da isha, ga goro biyu a kai. Shayi da goro duk suna ɗauke da sinadarin da ke tsokanar mafitsara. Da aka ce ya mayar da shayinsa safe, ya yi ta ƙunƙuni kamar an ce ya saki Goggo. Amma tashin dare ya ragu daga shida zuwa huɗu tun kafin a ƙara masa ƙwaya ko ɗaya. Ƙin shan ruwan da yake yi ma ashe ƙara ta'azzara abin yake, don fitsari mai kauri ya fi ƙona mafitsara.

Na san abin da wani zai ce, kuma ba zan raina shi ba. A yankin da zazzaɓin cizon sauro ke ɗauke yara kowace damina, kwalara na leƙowa, mata na mutuwa wajen haihuwa, kai kana kukan fitsarin tsofaffi? Shirin inshorar lafiya na ƙasa da aka ƙaddamar a Afrilun 2023 ya fara ne da yara ƙanana da masu juna biyu da masu wankin ƙoda, ni ma da ni ne da wuƙa da nama da su zan fara. Ban ce a raba vibegron kyauta ba. Sai dai a duba lissafin da kyau. Gwamnati ta sauke kuɗin wankin ƙoda zuwa sefa 15,000 a shekara, ita ke cike sauran. Fitsarin da ya daɗe yana taruwa a mafitsara yana komawa sama ya kashe ƙoda. Wato dattijon da ba a yi wa hoton mara ba yau, shi ne gobe za a ɗora a kan injin da ya fi komai tsada a asibiti. Ban ma ƙidaya wanda ya fito tsakar gida ƙarfe uku na dare babu wuta, ya taka turmi ya karya ƙugu ba. Tsohon da ya karya ƙugu a garinmu, mun san yadda labarin ke ƙarewa.

Abin da nake nema a wajen hukuma ƙanƙane ne. Malaman ƙananan asibitocin unguwa su koyi tambayar duk namijin da ya haura hamsin game da fitsarinsa, ko da ciwon gwiwa ya kawo shi, don shi ba zai fara ba. CENAME, wadda ke sayo wa asibitocin gwamnati magani, ta tabbatar tamsulosin mai araha ba ya yankewa a arewa. Kamfanonin Indiya suna yin mirabegron yanzu, a yi wa mai inganci rajista ya shigo ta ƙofa a sayar da takardar likita. Idan ba a yi haka ba zai shigo ta kan iyaka a bayan babur, ya sha rana a kan tebur, ba wanda ya san na gaske ne ko alli, a riƙa kiransa "maganin fitsari" ana ƙirga shi ɗaiɗai.

Malamanmu ma suna da rabo a nan, kuma nasu ya fi sauri. Abin da ya fi cin ran Baffa tsarki ne, fiye da rashin barci. Yana ganin sallarsa ba ta karɓuwa, yana ganin ya ƙazantar da masallaci. Alhali duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya wuce ta wajen da aka yi maganar salisul bauli, wato yoyon fitsari, an ce mai shi an so ya sake alwala a kowace salla, malaman Malikiyya kuma sun yi bayanin sauƙin da aka yi wa wanda abin ya lazimce shi. Fiƙihu ya san da wannan larura fiye da shekara dubu, bai ɗauke ta abin kunya ba. Mu ne muka mayar da ita sirri. Ban taɓa jin liman ya ɗauki minti biyar bayan sallar asuba ya ce, "Jama'a, wanda wannan ya sama ga hukuncinsa, kuma ciwo ne, akwai magani, ya je a duba shi" ba. Da Baffa ya ji wannan daga bakin liman, da bai kai kukansa wajen wanzami ba. Mu 'ya'ya kuma kunyar da ke tsakaninmu da iyaye ta hana mu tambaya. Ni da na gan shi kusa da takalma, wata nawa na yi ina gaishe shi ina wucewa?

Da jininsa ya sauka zuwa 14 bisa 8, likita ya rubuta masa mirabegron a kan tamsulosin ɗinsa. Farmasi uku muka zaga ba mu samu ba, a ta huɗu aka ce sai an yi oda. Ƙarshe wani ɗan uwa ne ya sayo a Yawunde, ya ba direban da ya tare jirgin ƙasa a Ngaundere, kwalin ya iso cikin ambulan ɗin takarda an naɗe da salatif. Kuɗin wata guda mu uku muka haɗa. Yanzu sau biyu yake tashi da dare, wani lokacin uku. Ya je Marwa sunan tattaɓa-kunnensa, ya roƙi direba ya tsaya sau ɗaya a Figil, ya sauka da butarsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. A masallaci bai koma sahun gaba ba, yana tsayawa na uku ta gefen bango inda fita ba ta da wuya. Ranar Asabar jikansa ya kawo mini kwalin, saura ƙwaya tara, ya ce Baffa ya ce a tambaye ni ko akwai mai zuwa daga kudu a satin nan.